Ranar da Uzairu Ya Ɗaure Bakin Kwanon Goro

A Rano in kana neman wanda ya fi kowa sanin inji, ba sai ka wahalar da kanka da tambaya ba. Ka je teburin Shitu mai shayi da hantsi ka zauna, shi da kansa zai gaya maka. Sunansa Uzairu, sana'arsa markaɗe. Inji guda gare shi a bakin kasuwa, yana niƙa wa mata tattasai da waken ƙosai, amma in ya fara zuba sai ka rantse shi ya koya wa jirgin sama tashi. Abin da muka sani tabbas shi ne ya taɓa yin yaron mota a wata babbar mota mai ɗaukar albasa, kuma kafin damina ta faɗi direban ya sallame shi. A bakinsa kuwa, babu titin da bai taka ba daga nan har Kwatano.

Baiwa ɗaya Allah ya yi masa wadda ko maƙiyinsa ba zai musa ba, wato kwaikwayon kukan inji da baki. In ya kumbura kumatu ya yi na tirela tana hawan tudu, kajin unguwa watsewa suke yi. Yana yin na babur, yana yin na janareta da mai ya kusa ƙare masa, har da tarin ƙarshe. Da wannan bakin yake kafa hujja a kan aƙidarsa, cewa inji jaki ne, sai da duka, kuma injin da bai yi kururuwa ba bai fara aiki ba tukuna.

To surukarsa, Hajiya Saude, uwar matarsa Hadiza, tana da wata tsohuwar mota a ƙarƙashin rumfar kwano a ƙofar gidanta. Mijinta ne, marigayi Alhaji Ramalan, ya saye ta tun zamanin da yake dillancin gyaɗa. 'Yar ƙarama ce, ruwan toka, giyarta a jikin sitiyari, injinta kuma ɗan mitsitsi mai silinda huɗu da suka jingina biyu nan biyu can, kamar ka buɗe yatsu biyu. A gaban direba akwai wani agogo da ba gudun mota yake nunawa ba, saurin juyin inji yake nunawa, kuma daga lamba biyar zuwa sama an shafa masa ja. Alhaji bai yarda ya riƙa sunkuyawa kallon agogo yana tuƙi ba, sai ya samo tasa dabarar. Ya ajiye ɗan kwanon goronsa mai murfi a gaban gilashi. Da zarar allura ta doshi jan nan, jikin motar ya ɗauki rawa, sai murfin ya fara kaf-kaf-kaf. Alhaji sai ya ce, "Na ji, Malam," ya ɗaga ƙafa ko ya canza giya. Haka suka zauna da motar shekara da shekaru, ko tari ba ta taɓa yi masa ba.

Bayan rasuwarsa Hajiya ta ƙi sayar da ita, duk da masu zuwa taya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, amininsa Malam Ishiyaku yakan zo ya tayar da ita ta ɗan yi kuka a tsaye, Hajiya kuma ta shimfiɗa tabarma a zaure ta zauna tana saurare. Ta taɓa gaya wa mata cewa muddin injin nan yana kuka, ji take kamar maigidan ne ya dawo daga ƙauye, yanzu zai kashe mota ya yi sallama. Wannan kuka shi ne abin da ya rage mata na muryarsa, kuma duk unguwar an san haka.

Sai ga shi an yi wa babban ɗanta haihuwa a Kahu, can ƙasar Kibiya, namiji, kuma sunan Alhaji za a mayar. A al'adar gidan, ragon sunan kowane jika a motar nan ake kai shi, haka Alhaji ya saba. Malam Ishiyaku kuwa an yi masa aikin ido a Kano, yana kwance a gida da bandeji. Uzairu na jin haka ya tura Hadiza ta gaya wa Hajiya kada ta damu, ga direba a gida Allah ya ba ta. Hajiya ba ta so, amma tsakanin suruka da suruki akwai kunya. Tunda ya auri 'yarta ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, balle ta ce masa bai iya ba. Ƙarshe ta aika masa da makulli da sharaɗi guda: kada kwano ya yi magana.

Kafin la'asar duk teburin Shitu ya ji labari, don Uzairu ya rataya makullin a wuya kamar laya. Mukhtar mai Adaidaita, wanda shi ma aka ɗauka ya kai matan unguwa da tukwane gidan sunan, ya ce masa ya bi a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Uzairu ya ce, "Sannu ta masu ƙafa uku ce. In ka riga ni shiga Kibiya, na bar shan shayi a teburin nan har abada."

Shitu ya ce, "Allah ya ba Mukhtar sa'a, ko kunnena ya huta."

Da yamma ya je duba mota, mu kuma muka bi shi don kada a ba mu labari. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya tambaya ina sauran injin. Ya ce na markaɗensa zai haɗiye wannan ya nemi ƙari. Da ya ga jan da ke jikin agogo sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya bayyana mana cewa masu ƙera mota sukan sa wannan ne don tsorata talaka kada ya mori abin da ya saya, ainihin ƙarfin inji a cikin jan yake a ɓoye. Ya aika aka samo masa ragowar koren fenti na ƙofar shago. Gilashin agogon ya ƙi ɓalluwa, don haka ya shafe shi ta waje, tun daga biyar har ƙarshe. Ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ce yanzu duk hanya kore ce.

Daga nan ya biya gaida Malam Ishiyaku. Tsohon ya ɗaga hannu a iska zai nuna masa yadda ake sa giyar sitiyari, Uzairu ya katse shi, ya ce wanda ya yi wasa da giya goma sha biyu ba a koya masa huɗu. Malam Ishiyaku ya mayar da hannunsa ƙarƙashin mayafi ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar jajibirin suna da hantsi aka yi lodi. Hadiza a gaba. Hajiya a baya, a kusurwar da ta fi nisa da suruki. Rago kuwa but ɗin motar ya yi masa kaɗan, sai aka tsayar da shi a gaban kujerar baya, kansa ya leƙo tsakanin kujeru biyu na gaba, daidai kunnen direba. Kwanon goro na nan inda Alhaji ya bar shi, Hajiya ta cika shi da sabon goro fari.

Uzairu ya yi bisimilla da ƙarfi don jama'a su ji, ya murɗa makulli, ya kama sandar giya ya yi ta lalube kamar mai neman ashana a duhu. Ya saki kuloci. Motar ta yi baya a guje ta hau shanyar gyaɗar Lami maƙwabciya, tayoyi suna ɓare gyaɗa, awaki suna godiya. Lami ta fito da muciya a hannu. Ya leƙo ta taga ya gaya mata gwada birki yake, kuma ɓarar da ya yi mata kyauta ce. A karo na biyu ya dace da giya ta ɗaya, motar ta yi tsalle irin na kwaɗo, rago ya buga masa ƙaho a ƙeya. Ya ja sandar ƙasa, ta biyu ta shiga. Daga nan ilmin Uzairu ya ƙare, don ta uku ko sama ko ƙasa.

Ni ina bayan wani ɗan acaɓa muna bin su, saboda haka abin da ya faru a waje na gani da idona, na ciki kuma Hadiza ce ta ba matata labari tana dariya tana share hawaye. Tun ba su fita gari ba murfi ya fara kaf-kaf-kaf. Hajiya ba za ta yi wa suruki magana ba, sai ta juya ga rago.

Ta ce, "Kai rago, a zamanin mai motar nan, in kwano ya yi magana, sakin sandar ake yi ta yi gaba, sannan a ɗaga ta sama."

Uzairu ma ba zai amsa wa suruka kai tsaye ba. Ya ce, "Hadiza, gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Giya ta biyu ita ce giyar maza. Ta uku ta masu ciwon baya ce."

Hadiza ta ce, "Ai ta ji ka."

"To ki gaya wa ragon."

Suka hau titin Kibiya injin yana ihu kamar ana yanka shi, motar kuwa gudunta bai taka kara ya karya ba. Masu yankan dawa a gonaki suka ajiye lauje suna duban sama, sun ɗauka jirgi ne zai sauka. Wani tsoho a kan keke ya faɗa cikin kunyar dankali tun motar na nesa, ya zauna yana jira, ya gaji da jira, sannan ta zo ta wuce. Uzairu yana ɗaga wa kowa hannu. Murfi kuma bai fasa ba, har ya fara tafiya da kansa a gaban gilashi. Hajiya ta sake gaya wa rago cewa ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Rago ya amsa da nasa kukan, sannan ya kama gefen hular Uzairu ya fara ci.

Abin da ya dami Uzairu ba injin ba ne, surutun murfin ne, don yana tona masa asiri a gaban suruka. Ya tsaya gefen hanya wurin wani mai faci, ya karɓi tsinken roba na tsohon tib, ya naɗe kwanon da shi tamau, sama da ƙasa, ya ƙulle. Ya mayar da shi wurinsa ya shafa hannu. Ya ce wa Hadiza ta shaida, sharaɗin Hajiya ya cika, kwano ya daina magana. Hadiza ta ce da ta waiwaya ta ga fuskar mahaifiyarta, dariyar da ke bakinta ta koma ciki. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ko ragon ma ta daina yi wa magana.

Ba su yi nisa ba tururi ya fara fitowa ta gefen bonet. Ya tsaya kusa da wata bishiyar ɗorawa inda wata Bafulatana, Bara'atu, ke sayar da nono. Ya gaya mata motar ce ke gumi don ta ji hannun gwani. Bara'atu ta ce su dai a wurinsu in saniya ta yi irin wannan numfashin, inuwa ake kai ta. Ya ce saniya daban, fasaha daban. Ya naɗe hannu da gefen riga ya murɗe murfin lagireto, tururi ya yi sama da ragowar hular da rago ya bari, ta maƙale a reshen ɗorawa. Yana tsalle yana hura yatsu sai ga Mukhtar ya iso da Adaidaitarsa, mata cike, tukwane a sama suna ƙara. Ya rage gudu ya tambaya ko a taimaka da igiya. Wata tsohuwa a ciki ta rangaɗa guɗa, suka wuce.

Uzairu ya juye ruwan butar Bara'atu a lagireto, ya faɗa mota babu hula. Daga nan kuma sai Allah. Ya take totur har ƙasa. Allura ta haura biyar ta shige ƙarƙashin koren fenti ta ɓace, shi kuwa ya ce wa Hadiza ta duba, ko allurar ma ta sallama. Kwano a ɗaure yana ta kakkarwa ba bakin magana. Rago ya yi fitsari. A gangaren da ke shiga Kibiya suka cim ma Mukhtar, ranar kuwa kasuwa ce, bakin titi cike da 'yan acaɓa da masu rake da masu awo. Motoci biyu suka jera kafaɗa da kafaɗa, amma ta Uzairu ta kai iyakarta, ko taku ɗaya ta ƙi ƙarawa. Mukhtar yana tuƙi da hannu ɗaya yana cin gyaɗa.

Nan fa girman kai ya ɗan sunkuya. Uzairu ya ce, "Hadiza, tambayi ragon nan, me aka ce masa ɗazu game da sanda?"

Hajiya ta buɗe baki da sauri ta ce wa rago a saki sanda ta yi gaba, sannan a ɗaga. Uzairu ya ji sarai. Amma a ganinsa namiji ba ya tura abu gaba kamar mai miƙa sadaka, jawo shi yake yi. Ya taka kuloci, ya fizgo sandar zuwa ƙirjinsa, ya banka ta sama da dukkan ƙarfin mai ɗaga buhun wake. Giyar ta yi gurnani ta ƙi, ya ƙara mata ƙarfi, ta shiga. Giya ta ɗaya ce. Ya saki kuloci.

Ƙarar da injin nan ya yi, ban taɓa jin irinta ba, kuma ba na fatan in sake ji. Allura ta ɓullo ta ɗaya gefen fentin. Robar kwano ta tsinke, murfi ya tashi ya daki rufin mota, goro ya watsu ko'ina. Wani abu ya ce ƙwas a cikin bonet, kamar an fasa tukunya da taɓarya, sai shiru. Sandar giya ta faɗo da kanta, motar ta ci gaba da gangarawa salin-alin, tana zubar da baƙin mai a titi.

Wani in abin nan ya same shi, salati zai yi. Uzairu ya duba ya ga idon kasuwa duk a kansa, sai ya kumbura kumatu ya ci gaba da kukan injin da bakinsa. Wallahi ya iya. Ya riƙe sitiyari, ya leƙo da gwiwar hannu ta taga, yana vuuum yana canza giya da maƙogwaro, har da ta ukun da ya kasa samu. 'Yan acaɓa suka buɗe masa hanya. Motar tana rage gudu, shi yana ƙara murya. Ta zo daidai mai rake ta tsaya cak, shi bai tsaya ba, jijiyoyin wuya sun miƙe, ido ya yi ja. Jama'a suka kewaye suna kallon mota a tsaye, hayaƙi na tashi, inji na kuka ta taga. Sai rago ya sa masa hanci a kunne. Numfashi ya sarƙe, injin ya koma tari, tarin ya koma atishawa.

Wani dattijo mai sayar da igiya ya ce, "Sannu direba. A kashe ta haka nan, kada ta ƙone maka maƙogwaro."

Kasuwa ta ɗauka. Masu awo suka bar mudu, mai rake ya zauna a ƙasa yana buga cinya, Mukhtar ya kifa kai a kan sitiyarinsa kafaɗunsa na rawa. Uzairu ya fito ya fara bayani cewa man da aka sayar masa ne gauraye, sannan ya ce titin ne ba a yi shi don irin wannan gudun ba, sannan ya ce ragon ne ya taɓa giya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya tana tsince goro daga ƙasan mota ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa da bakin mayafi tana mayarwa kwano. Ta ɗauko murfin, ya lotsa a gefe, ta rufe. Sannan ta fito ta tsaya a gabansa, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Dariyar kasuwa ta mutu da kanta.

Ta ce, "Uzairu. Tun kafin a haifi matarka murfin nan yake magana, Alhaji da girmansa yana cewa na ji. Kai rana ɗaya aka ba ka, ka ɗaure masa baki."

Mukhtar ya ce a mayar da rago Adaidaita, Hajiya ta ce a'a, ragon Ramalan a motar Ramalan zai shiga Kahu. Aka nemo wani manomi, Mika'ilu, da shanun huɗarsa guda biyu, aka ɗaura igiya. Haka suka shiga Kahu gab da magariba, shanu a gaba, Uzairu a sitiyari babu hula, yara na bi suna tafi. Washegari aka raɗa wa yaro suna, aka yanka ragon, wanda ni a ganina shi kaɗai ne ya huta.

An jawo motar zuwa Rano ta koma rumfarta. Makaniken da aka ɗauko daga Kano ya leƙa ya ce fistin ɗin injin ya fasa gida ya fita, kuma kayan irin wannan injin sai an yi cigiya, ƙila a samu, ƙila ba a samu ba. Juma'ar farko Hajiya ta shimfiɗa tabarmarta a zaure kamar kullum, ta zauna, babu abin saurare. Hadiza ta ce har la'asar ba ta tashi ba, kuma ba ta ci abinci ba.

Juma'a ta biyu, an sauko daga masallaci, sai muka ga Uzairu ya nufi rumfar shi kaɗai, ba wanda ya aike shi. Ya buɗe mota ya zauna, ya murɗa makullin da ba ya tayar da komai, ya kumbura kumatu. A hankali ya fara, irin kukan da take yi a tsaye a hannun Malam Ishiyaku, har da 'yar shaƙuwar da take yi in ta yi sanyi. Muka taru a bakin hanya muna danne dariya. Can sai muka ji motsin tabarma a zaure.

Amma hali zanen dutse. Da ya hangi jama'a sun taru, sai ya fara taka totur da maƙogwaro, murya na hawa, kumatu na rawa, yana shirin shiga giyar maza. Daga cikin zaure, ba tare da an ga kowa ba, sai muka ji murfin kwano, kaf-kaf-kaf.

Uzairu ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Na ji, Hajiya." Ya ɗaga ƙafa.